Wuyan Jitar Barau a Gaban Awaki

Jiya da rana tsaka, bayan azahar, Barau mai kaɗa jitar bes ya yi wani mafarki, kuma ba banza ya yi shi ba. Jitar nan tasa ta girme wa duk yaran ƙungiyarsu. Kanta a tanƙware yake kamar ƙugiya, yana kallon baya, kunnuwan ɗaure tsirkiya duka huɗun suna ƙasa. Wuyan ya taɓa tsagewa, marigayi yayansa Mati ya liƙe shi da gam. Tanimu, shugaban ƙungiyar, ya ce ya gaji da dariyar da ake musu a gidajen biki, ko a yanke wuyan nan a sa sabo, ko Barau ya zauna a gida. Barau ya ce to, amma a baki kawai. Aka yi da kafinta Talle zai zo da zarto da la'asar. Yana jira barci ya sace shi a kan tabarma.

Sai ga shi a wani gari da jitar a kafaɗa. Ruwa yana tashi daga ƙasa yana hawa sama, mata sun kife bokitai suna tara. Kowa a garin wuyansa a karkace yake. Ya tambayi wata mai ƙosai abin da ya same su.

"Amsa 'to' ce," in ji ta. "Duk wadda ka faɗa ba da son ranka ba, sai ta ja wuyan kaɗan. Kai ma naka ya fara."

Ya shafa, ya ji gaskiya ta faɗa. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Bai taka ko'ina ba sai ya gan shi a ofis. Awaki ne ma'aikatan. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana tauna takardar da ya kamata ya sa wa hannu. Ya dubi jitar sama da ƙasa.

"Kan nan me yake kallo a baya?"

"Inda ya fito," in ji Barau.

"A nan doka ta hana. Za a yanke."

"Wa? Kai? Ko tuta ba ka taɓa riƙewa ba, balle jita. A gwada wuyan tukuna."

Bunsuru ya ce a gwada. Aka kawo sabon wuya mai ƙyalli, aka rataya masa turmi. Ɓas, ya karye. Aka rataya turmin a wuyan jitar Barau, ko gezau. Aka ƙara jaki. Jakin ya yi sallama ya hau. Aka ƙara babur, sannan rumfar mai ƙosai har da ita a ciki tana suya. Wuyan yana nan yadda yake.

"Shekara talatin," Barau ya ce da ƙarfi, "duk ranar da na tashi daga kiɗa sai na sassauta mata tsirkiya, wuyan ya huta. Ku wa kuka taɓa sassauta wa?"

Nan tsohuwar tsagar nan ta buɗe kamar ƙofa. Mati ne zaune a ciki da gwangwanin gam yana motsawa.

"Ƙanena, jiya ka sassauta mata?"

Barau ya tuna. Tun ranar da ya ce wa Tanimu to, kwana uku ke nan, ya bar tsirkiyar a ɗaure tamau, don ya ga ba amfanin hutar da abin da za a yanke. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da yayansa. Wuyan da ya ɗauki jaki bai ce uffan ba, sai ga shi ya fara ƙara.

"Ka ji ko?" in ji bunsuru. "A kawo zarto."

"Wallahi ƙarya kake!" Barau ya ɗora wuyansa a kan na jitar. "Laifin nawa ne, ba nata ba. Ku fara da wannan."

Bunsuru bai yi musu ba. Ya gyara tabarau ya kafa zarto, ƙarar-ƙarar, ƙarar-ƙarar.

Barau ya buɗe ido. Talle ne tsugune a bakin ƙofa yana wasa zartonsa da magagari.

"Na ga kana barci, na ce bari in shirya. Ina jitar?"

Barau ya miƙa hannu. Ya jawo ta cinyarsa, ya murza kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har huɗun suka saki. Sannan ya ɗago kai, wuyansa a miƙe.

"Mayar da zartonka, Talle. In ka bi ta gidan Tanimu, ka ce masa ya nemi wani mai bes."