Baba Maƙeri Bai Mutu a Ƙarfi Ba

A shekarar tamanin da biyar, talabijin ɗaya ce a unguwarsu Malam Amos a Ƙarfi, a tsakar gidansa take, baƙi da fari, kuma da batirin mota take aiki. Kowace Asabar da la'asar ana nuna wani katun na Japan da Turanci, labarin ƙaton mutum-mutumin ƙarfe da tsohon da ya ƙera shi. Malam Amos ne mai fassara, tunda ya taɓa aiki a kamfanin auduga a Funtua. Turancin nasa dai sai a hankali. Inda ya ƙare masa sai ya cike da nasa labarin, kuma nasan ya fi daɗi.

Mahaifiyarsa, Tsohuwa, tun rasuwar mijinta ta daina fitowa tsakar gida, wannan katun ne ya fito da ita. Tsohon cikin ne ya shiga ranta, ta raɗa masa suna Baba Maƙeri, wai tarinsa irin na marigayi ne. Har a addu'ar safe takan sa shi, bayan jikoki, kafin awaki.

Ranar kashi na ƙarshe, Amos ya hango dutse na gangarowa kan Baba Maƙeri. Ya dubi uwarsa, sai ya sa babban yatsan ƙafa ya fizge wayar batir.

"Caji ya ƙare," in ji shi.

Washegari ya ce ya tambayo a Funtua: tsohon ya tsira, ya yi ritaya, yana noman dawa. Tsohuwa ta yi godiya ga Allah, ta ci tuwo har da ƙari.

Da kaka ta zagayo, Maharazu mai shago ya dawo daga Kano da sabuwar talabijin da bidiyo da janareta da kaset ɗin fim, wai ci gaban katun ɗin ne, mai kala. Amos ya yi ta kushe fim ɗin da bai gani ba, ya ce hayaƙin janareta na sa tari. Tsohuwa ta ɗauki sandarta ta riga shi zuwa.

Ana farawa aka shiga gunaguni a rumfar Maharazu. Ashe ƙaton da Sada manomi ya sa wa bijiminsa sunansa ruwan hoda ne, kalar ɗankwalin amarya. Sada ya sunkuyar da kai. Faɗan ya fi na da yawa, ƙara kamar injin niƙa, amma ba wanda ya tsaya ya gaisa da wani. Matan unguwa suka ce fim ne dai mai kyan gani, ba tarbiyya.

Amos na fassara, zufa na karyo masa. Can sai ga ƙaton yana hawa tudu riƙe da furanni. A saman tudun akwai dutsen kabari a kafe, da hoton Baba Maƙeri a jiki. Kowane taku ƙara matsowa yake. Tausayin uwarsa ya kama Amos, ga kunyar jama'a.

Sai ya ji sanda ta zungure shi a haƙarƙari.

"Amos," in ji Tsohuwa ƙasa-ƙasa, idonta na kan allo, "yatsan naka ciwo yake yau? Cire wayar mana."

Ya dube ta. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ya miƙa ƙafa a hankali, allo ya yi baƙi.

Maharazu ya tashi yana zagin janareta, alhali ga ta can tana ruri lafiya lau. Ba wanda ya taya shi. Mutane duk suka juyo da kujerunsu wajen Amos, har Sada. Tsohuwa ta gyara zama, ta share ido da gefen zane.

"To, sai aka yi yaya?" in ji ta. "Dawar tasa ta yi kyau bana?"