Ranar da Kabo Ya Bi ta Gaban Duwan

A Bana kowa ya san gishirin Kabo. Fari ne tas, babu yashi, matan Gaya har rububinsa suke yi. Kabo kaɗai ne bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Shi a ganinsa Allah ya halicce shi ɗan duniya ne, mai wayon tsiya, ƙaddara ce kawai ta zaunar da shi gaban tukunyar dafa gishiri yana shan hayaƙi.

Abin da ya ƙara hura masa kai shi ne Garba, yayan matarsa. A zamanin nan na Faransawa, Garba na shigo da atamfa daga Kamba, ƙasar Ingilishi, ya cusa ta cikin kayan jaki ya wuce ta gaban 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, yana gyaran murya. Kabo ya rantse shi ma wannan sana'a zai kama. Ya je ya gaya wa dattawan kwarin Foga su ba wani wurin da yake kankarar ƙasar gishiri, wurin da ya gada daga ubansa. Su kuwa al'adarsu, wurin da aka ba wani ba ya dawowa. Suka ce ya je ya yi tunani zuwa Juma'a.

Matarsa Indo ba ta yi masa gardama ba. Cewa ta yi, "Maigida, kai da ko ɓoye mini goro ba ka iyawa?"

"Ke dai ba ki san ni ba ne," in ji shi.

Ta tafi wurin yayanta suka ƙulla abin da suka ƙulla. Garba ya kawo jaki da buhu biyu a ɗinke, ya ce, "To gwani, ga gwaji. Atamfa ce a ciki. In an tambaye ka, ka ce dusa ce. Shi ke nan aikin."

Kabo ya kora jaki. Sannu a hankali ya iso rumfar duwan. Ma'aikacin da ke wurin, wani Bazabarme mai suna Sumana, yana zaune yana sakace, ko kallon jakin bai yi ba. Ɗaga hannu kawai ya yi ya ce, "Sannu mai jaki, ina gajiya?"

Wayyo Kabo! Gaisuwa fa aka yi masa.

"Dusa ce," in ji shi.

"Madalla. Sauka lafiya."

Da wani ne da tuni ya kai kasuwa. Kabo kuwa ya tsaya cak, zufa na bin gemunsa. "Wato dusa ce ta gero. Ba ta da wani abu a ƙasa. Ko da akwai ma, ba nawa ba ne." Sumana ya cire tsinke daga baki. Sai kawai Kabo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, atamfa ce! Ka yi mini rai, ina da iyali!"

Sumana ya farke buhu na farko, dusa. Ya farke na biyu, ya zura hannu har kafaɗa, dusa. Ya dubi Kabo, ya dubi jaki, sai dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa a kan dusa ba. Ya taya shi ɗaure buhunan ma.

A hanyar komawa kunya ta ishi Kabo, kamar ya shige cikin buhun. Amma can ƙasan kunyar sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya gane cewa tun ranar da ya yi wa dattawa maganar nan bai ci tuwo ya ji daɗinsa ba, tsoro ne fal cikinsa, shi kuma yana kiransa ɗoki.

Bai bi ta gida ba. Kwari ya wuce, ya sami dattawa, ya ce wurin ubansa yana nan a hannunsa, ya janye maganarsa. Sannan ya shiga gida ya tarar da Indo tana tankaɗe, tana ta faman danne dariya.

Ya zauna ya ce, "Indo, ashe ni ban iya ƙarya ba."

Ta ajiye rariya. Dariyar ta tafi.

"Maigida," ta ce, "ai don haka na yarda na aure ka. Kai ne kake ta neman ka rabu da halin nan naka."