Hular da Muka Saya wa Herr Pruschke

A sashenmu na nazarin harshe da adabin Jamusanci a wata jami'a a Jamus, ranar da mutum ya kare kundin digirinsa na uku, kafin ya ga wata takardar shaida hula ake ɗora masa. Hular kwali ce baƙa mai shimfiɗaɗɗen kai. Abokan ofishinsa ke haɗa ta a ɓoye, su manna mata duk wani abin kunyar da suka sani game da shi. Tawa da aka yi bara, makullai goma sha ɗaya aka rataya mata, adadin lokutan da na kulle kaina a waje. Na yi kamar na ji haushi, amma har yau tana kan kabad ɗina. Kowa ya san ƙa'idar: iya tsiyar da aka yi maka, iya son da ake yi maka.

To sai ga ranar Herr Pruschke ta zo, muka rasa ta inda za mu kama.

Herr Pruschke shekararsa sittin da takwas. Direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, maimakon ya zauna ya yi noman tumatir kamar sa'o'insa, ya dawo makaranta. Shekara shida yana tono waƙoƙin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙa aika wa ƙananan jaridu tun zamanin kakanninsa. Mu uku ne a ofis ɗaya, ni da shi da Torben, wani dogon saurayi da bakinsa ba ya barin kowa. Amma ko Torben bai taɓa tsokanarsa ba. Mutum ya girme wa mahaifinka, yana zuwa da kwat a goge, yana buɗe maka ƙofa, ta ina za ka fara? Sababbin ɗalibai ma farfesa suke ɗaukarsa.

Ba wai ba mu da abin faɗa ba ne. Ƙarfe goma na kowace safiya yakan fasa dafaffen ƙwai a gefen tebur, ofis ya ɗauki wari har azahar. In ka makara zai dubi agogonsa ya ce, “Minti huɗu,” shi ke nan. A taron ranar Alhamis kuwa barci yake yi da ido ɗaya a buɗe, ya farka ya gyaɗa kai kamar ya yarda da abin da aka ce. Duk mun sani, muna dariyarsa a kan matakala, ba a gabansa ba.

Ni ce na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce, “Dattijo ne, kada mu zubar masa da mutunci gaban matarsa. Mu saya masa ta kirki.” Muka sayi hula ta ainihi, ta ƙyalle mai sheƙi da zaren ado a gefe, ba mu manna mata ko allura ba. Har muna yaba wa kanmu da sanin ya kamata.

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu na rana farfesoshi biyar suka shiga da shi ɗakin jarrabawa aka rufe ƙofa. Awa ɗaya da rabi za su yi suna yi masa tambayoyi. Muna jera kofuna a kan tebur a baranda sai ga matarsa, Frau Pruschke, gajeriya mai sauri, riƙe da faranti na kek ɗin tuffa. Ta ajiye, ta leƙa kwalin da hular take.

“Wannan ta wa?”

“Ta maigidanki ce,” na ce, ina jiran yabo.

Ta juya ta sama da ƙasa. “Wa ya mutu?”

Torben ya ce, “Mun ga babba ne, Frau Pruschke. Girmamawa ce.”

“Girmamawa!” Ta dube mu kamar yaran da suka fasa tulu. “Ku biyun nan, da duk karatunku? Wata guda ke nan mutumin nan ya hana ni cin abinci cikin kwanciyar hankali. Ba jarrabawar ke damunsa ba, wannan ya haddace. Kullum sai ya ce, ‘Irmgard, me kike gani za su sa a tawa? Ƙwan dai na san ba za su bari ba.’ Hular kowa ya ba ni labarinta. Ke ba ke ce mai makullai ba? Shekara arba'in yana zaune shi kaɗai a kan jirgi, mutane ɗari biyar a bayansa ba wanda ya san fuskarsa. Ya zo nan ne don ya zauna cikin mutane. Ku ɗora masa wannan, kun ce masa baƙo ne.”

Kunya ta rufe ni. Na dubi agogo, saura minti hamsin.

Ban taɓa ganin an ɓata abu mai kyau da sauri haka ba. Torben ya ruga ofis ya zazzage kwandon shara, ya dawo da ɓawon ƙwan safiyar ranar. Ni na yanko agogo daga kwali na rubuta “Minti huɗu” da jan alƙalami. Sakatariyar sashe ta ciro takardar da Herr Pruschke ya taɓa cusa wa injin kwafi har ya maƙale kwana biyu, ashe ta adana ta. Muka manna babi na uku na kundinsa da ya sake rubutawa sau bakwai, muka naɗe shi kamar tsumma. Torben ya zana shi yana barci, baki a buɗe, hanci kamar dankali. Frau Pruschke kuwa tana riƙe da gam tana ba da umarni. “Ƙara masa gashin kunne. A'a, ya fi haka.” Gefen hagu ne kawai ya rage babu komai lokacin da muka ji an ja kujeru a ciki.

Ƙofa ta buɗe. Farfesa Lindhorst, wadda ta duba aikinsa, ta fito ta ce ya ci, da sakamako mai kyau ƙwarai. Muka ƙwanƙwasa tebur da ƙashin yatsu, irin tafin jami'o'in nan, har kofuna suka yi rawa. Shi kuma ya fito yana gyara kwat, idonsa ba a kan kowa ba sai kan hannuna.

Na miƙa masa hular. Gam bai ko bushe ba.

Ya sa tabarau, ya fara dubawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai binciken taya kafin tafiya. Ya taɓa ɓawon ƙwan. Ya karanta agogon. Da ya iso kan zanen ya ƙura masa ido, na ce a raina mun wuce gona da iri.

“Wa ya zana wannan?”

Torben ya ɗaga hannu a hankali.

“Ashe kun san ina barci?”

“Herr Pruschke, har minshari kake yi,” in ji Torben.

Sai dattijon nan ya fashe da wata dariya da ba mu taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu. Ya sake juya hular, ya tsaya a gefen hagu, ya ɓata rai.

“Nan fa? Shekara shida, abin da kuka samu ke nan? Aikin ɗalibai na yanzu!” Ya nuna Torben da yatsa. “Kai, madarar da kake ajiyewa a firiji, ka rubuta sunanka a jiki. Wa kake tsammani yake shanye ta?”

Torben ya buɗe baki. “Kai ne? Shekara uku ina zargin 'yan sashen tarihi!”

“To je ka ɗauko kwalin,” in ji shi, ya miƙa mini hular. “Ba zan sa ta ba sai an cike wurin nan.”