Hannun Mai Cika Leda

Duk mai cewa an sayi yayata, ya zo ya maimaita a gabana. Ni ce autarsu, ni nake riƙe mata jaka tun tana jaruma, kuma a kan idona aka yi komai.

Shekara da shekaru Yaya tana fitowa a fim, aikinta ɗaya ne: kuka. A mutu ta yi kuka, a haihu ta yi kuka, ɗanta ya ci jarrabawa ma sai an sa ta zubar da hawaye. Har sunanta ya ɓace, kowa Mai Hawaye yake ce mata. Ko labarin ba a ba ta ta karanta, sai dai darakta ya ce, "Zauna can ki fara, ga mu nan zuwa." Ranar da ta ce ita ma za ta ba da umarni, furodusoshi suka yi dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ya ce, to wa zai riƙa yi mana kukan? Ta sayar da motarta ta sayi kyamara, ta kama ɗaki a saman wani shagon tayoyi, ta ce ta gama da ƙarya. Ta koma ɗaukar mutanen gaske, masu shara da masu wanki a asibiti, tana yawo da fina-finan gidajen rediyo da ofisoshi tana ɗaga murya.

A haka ta ji labarin matan kamfanin sabulu. Garin sabulu suke ɗiba da hannu suna cika leda, babu safar hannu, sinadarin yana cin fata har ta tsage. Ta bi su gida-gida, duk suka rufe ƙofa. Mace ɗaya ce ta yarda, wata siririya mai miji a kwance, wanda da katin asibitin kamfanin ake karɓo masa magani.

"Hajiya, zan yi magana," in ji ta, "amma in aka gane ni, aikina ya tafi, katin ya tafi. Kin ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka," Yaya ta ce. "Ko mijinki ba zai gane ki ba."

Kuma wallahi an yi ƙoƙari. Zanena na ara mata don kar a ga nata. Aka rufe tagar da ke kallon titi. Editanmu, wani mai gilashi da ba ya magana sai da kwamfuta, ya dusashe fuskarta, ya kaurara muryarta ta koma kamar ta ƙato mai mura.

Sai dai Yaya tana da wata aƙida da ta kwaso daga shekarun kuka. Kullum cewa take fuska maƙaryaciya ce, ita shaida ce, da ita ta ci abinci, amma hannu ba ya ƙarya. Don haka ta sa aka kawo roba cike da garin sabulu, ta ce matar ta nuna yadda take aiki. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya matso da kyamara. Hannun ya nutse cikin farin garin ya fito, yatsu a tsattsage, farce duk ya cinye, ya cika leda ya murɗe bakinta cikin ƙiftawar ido. Mai ɗaukar hoto har da cewa a sake, hasken ya yi kyau.

Ranar da aka nuna fim ɗin, daidai wurin nan zauren ya ɓarke da tafi. Masu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka rungume Yaya, 'yan jarida suka yi mata ca. Kafin mako ya zagayo hannun nan yana cikin wayar kowa.

Wata safiya ina share ofis na ji ana hawo matakala a hankali. Matar ce. Ba ta zauna ba.

"Manaja ya jera mu jiya," ta ce. "Ya ajiye roba a tsakiya, ya ce kowa ta zo ta cika leda ɗaya. Hannayenmu duk iri ɗaya ne, Hajiya, duk a ƙone suke. Amma ni kaɗai ce bahaguwa a layin."

Yaya ta dafa tebur. Edita ya buɗe fim ɗin ya kalla, ya cire gilashi ya goge, ya ce da ƙaramar murya, "Da mun juya hoton, da hagu ya koma dama. Maɓalli ɗaya ne."

Maɓalli ɗaya! Mutanen da in ɗankunnen jaruma ya sauya tsakanin fitowa da fitowa sai sun tayar da hankalin kowa a wurin ɗaukar fim, sun kalli hannun nan ya fi a ƙirga, suna yaba haske, suna yaba yadda garin ke zuba, babu wanda ya tambayi kansa wane hannu ne. Na ji kamar in ɗauki tsintsiyar in bi su da ita ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta ja mayafi muka tafi kamfanin. Manajan ya tarbe mu da fara'a har kunne, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya ce matarsa ba ta da jaruma sai ita. Ya ce shi bai kori kowa saboda fim ba, ma'aikaciyar ce aikinta ya yi sanyi. Amma tunda Hajiya ce da kanta ta tako, in an sauke fim ɗin daga ko'ina, aka daina nuna shi, to gobe ma ta dawo bakin aikinta da katinta. Yana faɗa yana juya mukullin mota a yatsa, hannunsa sumul kamar na jariri.

Da yamma 'yan ƙungiya suka cika ofis. Shugabarsu, mai yawan turare da yawan Turanci, ta ce sam ba za a sauke ba, an kusa nuna shi gaban 'yan majalisa.

"Mace ɗaya ce fa," in ji ta. "Sauran matan kuma fa? Kowace gwagwarmaya sai an yi sadaukarwa."

"Wa zai yi sadaukarwar?" na ce. "Ke?"

Yaya ta ce, "Auta, yi shiru." Ta juya ga matar, wadda ke rakuɓe bakin ƙofa tun ɗazu ba wanda ya ba ta kujera. "Ki zo ki yi aiki a nan tare da mu. Zan nema wa maigidanki magani."

Matar ta dubi silin ɗinmu mai yoyo, ta dubi fankar da ba ta juyawa.

"Hajiya, aikinku yau akwai gobe babu. Ciwonsa kuwa kullum akwai. Ni ban ce ki taimake ni ba. Alkawari kika yi mini."

"Me kike so in yi?"

"Ki sauke."

Fim ɗin nan shi ne abu na farko da ya sa aka daina kiran Yaya Mai Hawaye, aka fara ce mata darakta. Ta zauna gaban kwamfuta da kanta, ba ta bar edita ya taɓa ba, ta sauke shi. Ta kira duk inda aka shirya nunawa ta ba da haƙuri. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, don faɗar dalilin tona matar ne a karo na biyu.

Nan fa bakuna suka buɗe. Waɗanda suka rungume ta su ne suka fara cewa kamfani ya cika mata jaka. Wani ɗan jarida da ya sha lemonmu ya rubuta cewa 'yar fim dai 'yar fim ce. Furodusan nan mai dariya ya aiko a tambaya ko ta shirya dawowa, yana da gurbin uwa mai kuka a sabon fim ɗinsa. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa tambayar ina matar take, ko an raba wa sauran safar hannu. Ba a raba ba.

Bayan 'yan watanni na ga matar a tashar mota, an tashi daga aiki. Ta so ta kauce, na riga na gaishe ta. Ta ce maigidan da sauƙi, ana samun magani. Sai na lura hannunta na dama naɗe yake da tsumma, jini ya ɗan ɓullo.

"Me ya same ki a nan kuma?"

"Da shi nake ɗiba yanzu," ta ce. "Bai saba ba ne, fatar sabuwa ce."

"Manajan ne ya sa ki?"

"A'a, ni na ga ya fi." Ta gyara tsumman da haƙori. "In an sake jera mu, ba na so in fita daban."