Tukunyar da Ta Jiƙe a Tagar Baba Tela

Na tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, sai ya fito da laka.

"Wa ya zuba wa wannan ruwa?" na tambayi 'yar ƙanin Baba Tela. Tana tsakar gida tana shanya zanen gadonsa.

"Ni ina ruwana da ciyawa, Iya? Mara lafiya nake jinya."

Baba Tela maƙwabcina ne, ƙofarmu na kallon juna. Tunda idonsa ya gaza zura zare ya koma renon shukar alobera a tukwane. Ba ya ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙurmus. Yakan ce, "Ƙishi ba ya kashe ta, yawan kulawa ke kashe ta." Ga shi wadda ke bakin tagarsa ta yi laushi, ganyen ƙasa sun yi ruwan ɗorawa. Na sunsuna yatsana. Warin magani.

Yarinyar nan ba mu taɓa ganin ƙeyarta ba sai da ya kwanta. Ta zo da jaka ɗaya, ta karɓi mukullai, ta fara tambayar wa ke da gidan. Yanzu kuma maganinsa a tukunya.

Na jira ta tafi kasuwa, na shiga. Ya rame, keken ɗinkinsa na lulluɓe da tsumma a gefen gado.

"Baba, ba ta ba ka maganin ne?"

"Tana bayarwa." Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Ni ke zubarwa ta taga in ta juya baya."

"Don me?"

"Launinsa ya sake. Ba irin na da ba ne. Kin ga yadda shukar ta koma?"

"Ko shayi ka yi ta ɗura mata, haka za ta yi. Kai ka koya mini."

Ya ce, "To. Ke dai ki lura."

Na ɗauki kwalbar na kai wa mai kantin magani. Ya juya ta, ya ce kamfani ne daban, amma maganin ɗaya ne. Ko an ƙara wani abu? Ya ɗaga kafaɗa.

Na dawo na faɗa wa Baba. Ya ce ya ji. Washegari ƙasar ta ƙara jiƙewa.

Da hantsi ranar Laraba ya cika. Kukanta ne ya fito da ni. Na tsaya ina kallon fuskarta, ina neman abin da ban san kamarsa ba.

Bayan an watse daga jana'iza na faɗa mata inda maganin yake tafiya. Ta dube ni ta daɗe.

"Kin sani, Iya, kika yi shiru?"

Na juya na koma gida.

Da la'asar na hango ta zaune a dokin ƙofarsa. Ta zazzage tukunyar a kan buhu, tana datse ruɓaɓɓun saiwoyin da almakashinsa, a hankali.