Takardar Bayan Talabijin

Duk talabijin ɗin da ya fita daga shagonmu sai an manna masa 'yar takarda a baya. Baba ne ya fara wannan tun ina rarrafe. Idan ya gama gyara ya goge ƙura, sai ya yagi takarda ya rubuta shirye-shirye biyu ko uku da ya ga sun cancanci kallo, ya liƙa da salatif kusa da inda waya ke shiga. Cewa yake ba amfani ka gyara wa mutum akwati ya je ya cika shi da shirme. Har ta kai wasu kan kinkimo talabijin lafiyarsa ƙalau, wai hoton yana rawa, alhali takardar suka zo karɓa.

Ni ce auta, ni kuma na gaji bencin da sukudireba da ƙarfen dalma tun da yana ta fara rufe idanun Baba. Shi yanzu kujera yake sawa a bakin ƙofa, ya faɗa in rubuta. Likita ya ce aikin ba wani babba ba ne, a cire yanar ya koma gani. Sau biyu ana sa rana, sau biyu Baba na wayar gari da ciwon da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Tsoro ne kawai, girma ya hana shi faɗa. Ɗan abin da ya rage masa, inuwar mutum da hasken taga, shi ya riƙe hannu bibbiyu, yana gudun a je gyara a ƙarasa. Na yi faɗan, na yi lallashin, kamar ƙara zuga shi nake. Likitan kuwa ya gaya min a gefe cewa jinkirin ba alheri ba ne.

Kallo dai bai fasa ba. Kullum da yamma idan na rufe shago, sai su zauna shi da Umma a doguwar kujerar falo, wadda gefenta ɗaya ya lotsa daidai jikinsa. Yawancin sababbin shirye-shiryen daga nesa suke zuwa, cikin yaren da ba mai ji a gidanmu, sai fassarar da ke gudu a ƙasan hoton. Umma ke sa tabarau ta karanta masa. Ba karatu kawai ba, har murya take canzawa, ta yi ta mugu ta yi ta yarinya, ta ƙara da bayanin wane ya shigo, wace ta harari wace. Da safe ya zo shago ya yanke hukunci kamar da idonsa ya gani.

A haka suka faɗa wa shirin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa mai ƙetarar da mutane kogi, kashi goma sha biyu. Baba ya mutu a kan shirin nan, don shi ma matuƙin, idonsa na dushewa yana ɓoye wa 'ya'yansa. Washegarin da suka gama, ya sa na rubuta: “Shirin matuƙin jirgi. A daure da kashi biyun farko, suna da ja. Ƙarshensa wanke zuciya ne.” Sannan, yana wani kakkaɓe hula kamar ba komai ba, ya ce in kira likitan nan a sa rana. Wai idan tsohon can ya kwanta aka yi masa aiki ya tashi ya ga fuskar jikarsa, shi ba a fi shi zuciya ba. Saura kaɗan in ƙona yatsana da dalma don murna. Aka sa wata Alhamis, bayan sati biyu.

Ranar Talata, ana saura kwana biyu, Baba ya zaga wanke hannu, sai ga Tela maƙwabcinmu ya leƙo, tef a wuya, baki a gaba kamar kullum. Ya ce wane irin wanke zuciya ne wannan, matarsa ta yi kuka har ta kasa cin abinci. An yi wa matuƙi aiki bai yi ba, ya makance ɗungurungum, aka sayar da jirgin. Na tura shi waje da sauri har ya yi tuntuɓe da wata tsohuwar rediyo. Da ya tafi na nemo kashin ƙarshe a waya na kalla a kan benci, murya a kashe. Tela bai ƙara ko gishiri ba.

Na iske Umma a kicin tana yanka albasa, na gaya mata abin da na gani. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ita ta karanta abin da ya kamata a rubuta ne. Da 'ya'yan tsohon suka ɓarke da kuka a asibiti, sai ta rage murya ta ce masa kukan daɗi ne. Na tambaye ta ko wannan ne na farko, ta ci gaba da yanka. Ashe shekara guda ke nan ba wanda ya mutu a falonmu. Duk wanda aka kashe a shiri, tafiya ya yi wajen 'yan uwansa.

“Shekara arba'in ina gyara masa wuyan riga kafin ya fita,” ta ce. “Ƙarshen fim ne zai gagare ni?”

Na yi dariya, amma ta yanke da na tuna takardun. Takarda tara na rubuta da wannan shawara, tara kuma suna gidajen mutane masu baki.

Ranar Laraba na roƙi Baba ya huta a gida, ya ce shi ba majinyaci ba ne tukuna. Na wuni ina gadin ƙofa, ina tare mutane tun daga titi. Tela na ja masa kunne, direban da ke kawo mana kaya na yi masa alama da ido. Amma kana naka Allah na nasa. Na sunkuya neman wata 'yar ƙusa da ta faɗi ƙarƙashin benci, ɗagowar da zan yi sai ga wata dattijuwar malamar makaranta a gaban Baba, tana cewa ita fa ba ta yafe ba, ya sa ta kalli makantar bawan Allah da sunan wanke zuciya.

Baba ya juyo wajen muryarta. Can ya ce ta zauna ta ba shi labarin ƙarshen tiryan-tiryan. Ita kuwa malama ce, ba ta tsallake komai ba. Da ta gama ya yi mata godiya, ya lalubi sandarsa, ya ce in rufe shago in kai shi gida. Muka kama hanya. Hannunsa a kafaɗata ya yi nauyi, ni kuma na riga na fara shirya abin da zan gaya wa likita karo na uku.

Ya zauna a lotsattsen gefensa ya kira Umma. Ta fito tana goge hannu, ta kalle ni, ta gane.

“Ashe matuƙi bai warke ba,” ya ce.

“A nasu bai warke ba.”

“Da ya makance, wa ke zama da shi?”

Umma ta ce ba kowa. Matarsa ta rasu tun kashi na farko.

“Wadda kika ce ta je wajen ƙanwarta?”

“Ita.”

Baba ya jinjina kai. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ke cin sa. Ya miƙa hannu yana lalube har ya kamo gefen mayafinta.

“To ai ba ɗaya muke da shi ba,” ya ce. “Ɗauko min rigar da zan sa gobe, ki duba wuyan.”

Kicin na gudu na yi kukana, na ɗora wa albasa laifi.

An yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe tangaran, ɗayan ya ɗan rage hazo, Baba ya ce ko haka aka tsaya ya ci riba. Da ya dawo shago ya karɓe biro daga hannuna, ya rubuta takarda da kansa, rubutun yana hawa tudu yana gangarowa: “Shirin matuƙin jirgi. Ƙarshensa biyu ne, na gidanmu ya fi.” Tela ya karanta ya ce to a ba shi aron na gidan.

Da yamma aka fara wani sabon shiri na wasu 'yan uwa mata uku masu gidan burodi. Umma ta ajiye tabaraunta a kan tebur ta naɗe hannu, ta ce yau ita ma 'yar kallo ce. Na lura muryarta ba daɗi. Baba ya ƙura wa hoton ido na ɗan lokaci, sai ya yi tsaki ya ce rubutun nan gudu yake yi da yawa, shi ba ya iya kamo shi. Mutumin da na gani da safe yana karanta lambar da ke jikin ɗan ƙaramin fis na lantarki ba tare da ya matso da shi ba.

Na buɗe baki, ya harare ni da sabon idonsa, na rufe. Umma ta ɗauki tabarau ta goge da bakin zane, ta gyara murya.