Ƙasar da Mika'ilu Ya Koma

Sailuba ba ta taɓa kiran kanta marubuciya ba. Atamfa take sayarwa a kasuwar Adjamé da ke birnin Abidjan, da ita take riƙe kanta da 'ya'yanta. Littafi ɗaya tak ta rubuta a rayuwarta, ɗan siriri, wanda wani mai injin buga takardu a Treichville ya buga mata. Labarin mahaifinta ne, Mika'ilu, wanda ya baro Katsina yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tura kura tsakanin tashar mota da rumfunan goro.

Mutum ne marar yawan magana. Abu ɗaya yake maimaitawa duk bayan Sallah, wai baɗi zai koma ƙasa. Hausawan Abidjan idan suka ce ƙasa, gida suke nufi, can Arewa. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gaban kurarsa, aka kai shi maƙabartar Williamsville. Shi ya sa Sailuba ta rufe littafin da jimla ɗaya, tana rubutawa tana share hawaye: "Ranar wata Talata, bayan azahar, Mika'ilu ya koma ƙasa."

A shekarun da kaset ɗin bidiyo ke tashe ne Zaharadeen ya zo rumfarta neman izinin mayar da littafin fim. Ɗan wani dillalin shanu ne, haifaffen unguwar Bromakoté. Faransanci zuba yake yi a bakinsa, Hausa kuwa sai ya yi ta lalube kafin ya kamo. Ta amince nan take, don yawancin 'yan kura ba sa karatun boko, kuma su take so su ga labarin.

Ana gab da bikin haskawa ya kira ta shagonsa, ya goge mata kujera, ya saka kaset. Tun minti na farko ranta ya fara ɓaci. Ɗan'azumi ya ba wa matsayin mahaifinta, mai barkwancin nan da ko atishawa ya yi sai an yi dariya. Ga Mika'ilu nan da wando ƙafa ɗaya a naɗe, yana tuntuɓe, huhun goro na ɓarewa, wata mai sayar da kifi na bin sa da ludayi. Sailuba ta cije leɓe ta haɗiye. Ta ce a ranta, yaro ne, a bar shi ya yi shirmensa, ai ƙarshe na nan zuwa.

Da ƙarshen ya zo, sai ga Mika'ilu cikin babbar riga fara fat a tashar Adjamé, makaɗa na biye da shi, 'yan dako na taka rawa. Ya hau doguwar mota yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Ina zai tafi?" in ji Sailuba.

"Gida mana, Tanti. Ai ke kika rubuta, ya koma ƙasa. Il est rentré au pays, voilà!"

Ta juyo ta dube shi har sai da murmushinsa ya ƙafe.

"Zaharadeen, ƙasar da ake rufe mutum a cikinta nake nufi. Babana yana kwance a Williamsville."

Zaharadeen ya dafe kai. Ya rantse da Allah bai gane ba, kuma ta yarda da shi, don kunya ta bayyana har a idonsa. Da a nan ya tsaya, da ta yafe. Amma bakin da ya saba da zuba ba ya iya yin shiru.

"Mais Tanti, an riga an kwafi kaset. Kuma ki duba, haka ma ya fi. Mutane sun gaji da kuka a garin nan. Ni na ba Baba abin da bai samu ba."

"Kai ne ka ba shi? Allah bai nufe shi da sake ganin Katsina ba, sai kai da kamararka za ka kai shi?"

Ta ce ya yanke ƙarshen. Ya ce ba zai yiwu ba. Ta ce to ya cire sunan Mika'ilu. Ya ce sunan na jikin kowane kwali. Sai pardon, pardon yake ta jerawa, kamar ita ce za ta gyara ɓarnar.

Ta koma rumfa zuciyarta na tafasa. Tuntuɓen da ludayin duk za ta iya shanyewa. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, daga yau duk wanda ya ji sunan Mika'ilu zai yi dariya ya ce ai ya tafi gida, ba mai cewa Allah ya jiƙansa. Jikokinsa ma kaset za su gaskata, ba ita ba. An ƙwace wa bawan Allah abu na ƙarshe da yake da haƙƙi a kansa, an musanya masa da kalangu.

Ranar Lahadi bayan la'asar, zauren da aka kama haya a Treichville ya cika maƙil. Ga fatake, ga mahauta, ga dillalan shanu a gaba cikin shadda, ga 'yan kura a baya sun jingina da bango. Sailuba ta zauna cikin mata da mayafinta, hannu a cinya. Aka yi ta ɓarkewa da dariya, har wata a gefenta na dukan kafaɗarta tana cewa, "Kai, Sailuba, ashe haka babanki yake!" 

Da aka zo wajen babbar riga, kiɗa ya tashi, matasa suka fara tafi. Sailuba ta miƙe, ta ratsa tsakanin benci, ta tsaya ƙiƙam a gaban talabijin.

"Ke, zauna!" wani ya yi tsawa daga baya. Wasu suka ja tsaki. Zaharadeen ya taho a sunkuye yana raɗa, "Tanti, don Allah, ga manya nan."

"Don manyan na tashi," ta ce. Sannan ta ɗaga murya, irin muryar da take cin ciniki da ita a tsakiyar kasuwa. "Jama'a, mutumin nan ubana ne. Bai hau motar nan ba. A Adjamé ya faɗi da kaya a kurarsa, kuma a cikinku akwai waɗanda suka ɗauki makararsa. Kun yi dariyarku, ban hana ku ba. Yanzu a yi wa Malam Mika'ilu Fatiha."

Ta buɗe tafin hannuwanta.

To, wane Musulmi ne za a ce masa Fatiha ga mamaci ya ce a bari sai an gama fim? Tsofaffin 'yan kura ne suka fara ɗaga hannu. Dillalai suka bi, mata suka gyara mayafi, mai tsawar nan ma ya sauke kai. Kalangu kaɗai ya rage yana ta ɓaɓatu, har Ɗan'azumi da kansa ya taso daga bencin gaba ya murɗe muryar talabijin. A bayan Sailuba, mai babbar riga na ta ɗaga hannu ta tagar mota, ba wanda ke kallonsa. Aka shafa, zauren ya amsa da amin.

Zaharadeen ya matso kusa da ita.

"Tanti," ya ce a hankali, "gobe ma za mu haska a Bromakoté."

"Na sani," in ji Sailuba. "Ka ajiye mini wuri a gaba."